Aron Doki Mai Daɗaɗɗen Ciwo a Ƙasar Hausa: Matsayin Fada, Shari'a da Al'ada

1.0 Gabatarwa

Masana tarihi sun yi rubuce-rubuce masu yawa game da doki a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Littafin Joseph Smaldone a kan yaƙi a Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1977, da na Robin Law a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, wanda ya fito a 1980, sun share fage sosai. A wannan takarda za mu ɗauki ɗan lungu guda na wannan fage mu duba, watau al'amarin dokin da mai shi ya miƙa wa wani aro alhali dokin yana ɗauke da ciwon da ba ya warkewa sarai.

Tambayar da muke son amsawa ita ce: idan irin wannan ciwo ya tashi a hannun wanda ya ara, doki ya nakasa ko ya mutu, wa zai ɗauki asara? Za mu nuna cewa ƙasar Hausa ta gaji amsoshi uku, ɗaya daga fada, ɗaya daga littattafan malamai, ɗaya kuma daga al'adar kiwo. Kafin mu kai ga nan, wajibi ne mu fara da dalilin da ya sa mai doki da mahayin doki suka zama mutum biyu a galibin tarihinmu.

2.0 Doki da Mulki

Tun a ƙarni na 14 da na 15 Tarihin Kano yake ambaton doki a matsayin dukiyar sarauta. An ce a zamanin Sarki Kanajeji (1390–1410) aka fara amfani da lifidi da sulke da kwalkwali a Kano, kuma shi ne ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki su kuma suna aiko masa da bayi. Sarki Yakubu (1452–1463) ya aika wa Sarkin Nupe dawaki 10, aka ba shi babanni 12. Sarki Kutumbi (1623–1648) kuwa, in zai fita yaƙi ko hawan Salla, dawakin zage 100 suke cikin tawagarsa. A Barno ma Leo Africanus, wanda aka buga littafinsa a 1550, ya ba da labarin cewa fataken Arewacin Afirka suna sayar wa Mai doki guda a kan bayi 15 zuwa 20.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara da ƙarancin dawaki. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804, dawakin jama'ar Shehu ba su wuce kimanin 20 ba, sauran mayaƙa duk dakaru ne da 'yan baka. Amma sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa Sarkin Kano zai iya fitar da mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. Cikin ƙasa da shekara hamsin ke nan daular ta koma ta dogara ga doki kamar yadda sarakunan Haɓe suka dogara gare shi kafin ta.

Sayen doki abu ne mai tsada, riƙonsa kuma ya fi sayensa wuya. Dokin yaƙi yana bukatar dawa kullum, da harawa ko ingirici, da kanwa, da yaron da zai yi masa yankan ciyawa da share barga. Talakan da yake noma abin da zai ci da iyalinsa ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Saboda haka dawaki suka taru a hannun sarakuna da hakimai da attajirai, su kuma suka riƙa ɗora barorinsu da bayinsu a kai. Sarautu irin su Madawaki da Sarkin Dawaki da Shamaki, wanda yake kula da bargar sarki, shaida ne a kan yadda aka tsara wannan al'amari. Ashe ke nan da yawa daga cikin mahayan da Barth ya ƙirga suna kan dawakin da wasu suka mallaka.

3.0 Hanyoyin da Doki Yake Barin Turken Mai Shi

In muka ware ciniki da gado, za mu ga hanyoyi biyar da doki yake bi ya koma hannun wani. Ta farko ita ce ta barantaka, inda ubangida yake ba baransa doki da sirdi da kayan yaƙi bisa fahimtar cewa zai amsa kira ranar da aka buga tambari. Ta biyu ita ce aro na zumunci, domin tafiya ko biki ko hawan Salla, ba tare da biyan kome ba. Ta uku ita ce haya, inda ake biyan kuɗi sananne. Ta huɗu ita ce kiwo, inda ake kai dabba wurin wani, yawanci a ƙauye inda ciyawa take da sauƙi, ya riƙe ta ya amfana da ita. Ta biyar ita ce hubusi, watau mutum ya tsayar da dokinsa saboda Allah domin mayaƙa su riƙa hawa.

A kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan, mutumin da ya san tarihin lafiyar doki yana gefe guda, wanda zai hau shi yana wani gefe. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Mai shi ne ya san ƙafar da take ɗingishi in an yi doguwar tafiya, shi ya san lokacin da numfashi yake sarƙewa. Baƙon hannu kuwa abin da idonsa ya gani ranar da aka miƙa masa ragama shi ne iyakar saninsa.

4.0 Ciwon da Yake Kwanciya Ya Tashi

Ya kamata mu rarrabe cuta mai kisa nan take da cuta mai daɗewa. Annobar dawaki da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da dare suke yaɗawa da damina tana kashe doki cikin 'yan kwanaki, don haka ba ta cika haddasa gardama tsakanin mai doki da mai aro ba. Gardama tana tasowa ne a kan ciwon da yake lafawa har a ɗauka ya tafi.

Babba a cikinsu shi ne sammore, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa a dazuzzukan kudu da bakin koguna. Wani nau'insa kuma bobuwa ce take ɗaukarsa daga dabba zuwa dabba, har a yankunan raƙuma inda babu tsando. Dokin da ya kamu yakan yi zazzaɓi mai zuwa da komawa, jininsa ya ragu, ƙasan cikinsa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta ramewa ko da yana cin abinci. Tsakanin tashi da tashi yana iya zama kamar lafiyayye, sai wahalar tafiya ko yunwa ta sake tayar da ciwon. Wannan cuta ce ta hana daular Oyo hayayyafar dawaki yadda take bukata, ta tilasta mata sayensu daga arewa. Ita ce kuma take jiran dawakin Zazzau da Bauchi da Nupe da Adamawa duk lokacin da aka kai hari kudu. Sai a 1880 Griffith Evans ya gano ƙwayar cutar a jinin dawaki da raƙuma a Indiya, sa'an nan David Bruce ya tabbatar da alaƙarta da tsando a ƙasar Zulu a 1895.

Akwai kuma cutar jini da kaska take kawowa, wadda doki yake iya riƙe ƙwayarta shekara da shekaru bayan ya murmure. Akwai ciwon ƙuraje masu fashewa da suke jeruwa a ƙafa da wuya da ƙirji, wanda yake bin raunin fata, ƙudaje da kayan doki kuma suna ɗaukarsa zuwa wani dokin. Akwai fuka, wadda ƙurar busasshiyar ciyawa da rufaffiyar barga suke tsananta ta. Akwai ciwon kofato da na gaɓoɓi, da gyambon baya da sirdi yake sabuntawa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, doki yana iya aiki mai sauƙi da su, aiki mai tsanani kuwa yana karya shi. Lifidi da sulke da mahayi a kan doki cikin zafin bazara suna daga mafi tsananin aikin da aka taɓa ɗora wa dabba a ƙasar nan.

5.0 Amsar Fada

A tsarin barantaka ba a bukatar alƙali ya faɗi wanda zai ɗauki asara, domin tsarin da kansa ya ɗora ta a kan ubangida. Darajar hakimi a gaban sarki tana tafiya da yawan mahayan da zai kawo da kuma ƙarfinsu. In ya ɗora baransa a kan doki mai sammore, dokin ya gaza a hanya, rundunarsa ce ta ragu, sunansa ne kuma ya zube. In doki ya mutu a bakin aiki, amfanin ubangida ne ya sake ɗora baran a kan wani, don bara marar doki ya koma dakare.

Wannan ya sa gidan da yake da dawaki da yawa yake iya raba musu aiki gwargwadon lafiyarsu. Ƙaƙƙarfa shi ne na fagen fama. Wanda shekaru ko ɗingishi suka rage masa ƙarfi yana iya shiga kwalliyar Salla, ko ya ɗauki manzo zuwa gari na kusa. Ingarma mai kyakkyawan asali yana da amfani wajen barbara ko da ya daina sukuwa, haka nan goɗiya mai ciwon ƙafa tana iya haihuwar duƙushi lafiyayye. Masu kula da barga, waɗanda suke kwana suna tashi da dawakin, su ne ma'ajiyar wannan sani. Matsala takan faru ne sa'ad da doki ya fita daga gidan da aka san shi.

6.0 Amsar Malamai

Alƙalan ƙasar Hausa suna hukunci da mazhabar Imamu Malik, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil na ƙarni na 14. Asalin halaccin aron doki yana cikin hadisi, inda Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari dokin Abu Ɗalha wata rana da aka ji wani abin firgita a Madina, alhali an san dokin da nawar tafiya. Ke nan tawaya a jikin doki ba ta hana a ba da aronsa.

Malikawa sun kasa kayan aro kashi biyu. Abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko kayan ado, mai aro zai biya in ya ce ya salwanta, sai fa in ya kawo shaida. Abin da ba a iya ɓoyewa, kamar dabba, ba zai biya ba sai in ya ƙetare iyaka, ko ya yi sakaci, ko ƙaryarsa ta bayyana. Muhtasar ya ƙara da cewa ko da mai dabba ya gindaya sharaɗin biya tun farko, sharaɗin ba ya aiki. Wannan hukunci yana da muhimmanci ƙwarai ga batunmu. Mutumin da ya san dokinsa yana ɗauke da ciwo ba shi da hanyar tura asararsa kan wani ta hanyar kiran abin aro.

To, mene ne ƙetare iyaka? Shi ne mai aro ya wuce nisan da aka yarje masa, ko ya ɗora kayan da suka fi wanda aka ambata, ko ya riƙe dabba bayan wa'adi. A nan ne bayyana ciwo yake zama kariya ga mai doki. In ya ce dokin nan yana da fuka, na ba ka shi ka je gari kaza cikin tafiyar hankali, ban yarda da sukuwa ba, to ya shata iyaka, kuma in mai aro ya ƙetare ta doki ya halaka, biya ya hau kansa. In kuwa ya yi shiru, mai aro ya yi da dokin abin da aka saba yi da lafiyayyen doki, babu laifin da za a kama shi da shi. Shari'a ta tsara abin yadda faɗin gaskiya ya zama ribar mai doki, ɓoyewa kuma ya zama asararsa. Wannan ƙari ne a kan haramcin algus da ɓoye aibi, wanda Risala ta jaddada a babin ciniki.

Akwai wasu hukunce-hukunce da suka shafi batun. Aron da aka yanka wa lokaci ko aiki ya zama lazimi, mai doki ba zai karɓe shi ba kafin wa'adi ya cika. Game da wanda zai ciyar da dabbar aro, Muhtasar ya kawo zance biyu bai rinjayar da ɗaya ba, abin da yake nuna cewa ya kamata masu yarjejeniya su yanke wannan tun farko, balle ga dokin da yake bukatar abinci na musamman da magani. A haya kuwa, in an ayyana dabba guda ta mutu a hanya, hayar ta warware a kan abin da ya rage na tafiyar.

Hatta a babin yaƙi malamai sun lura da doki marar lafiya. Ana ba doki rabo biyu na ganima, mahayinsa rabo ɗaya, kuma Risala ta ce dokin da ciwon kofato ya sama yana da rabonsa. Muhtasar ya fitar da ramamme da tsohon da ba ya amfanuwa. Dokin hubusi kuwa, in ciwo ya hana shi aikin da aka tsayar da shi dominsa, sai a sayar a sa kuɗin cikin sayen wani. Ma'aunin malamai ke nan a ko'ina: ana duban abin da doki yake iya yi, a ɗora masa hukunci daidai da shi.

7.0 Amsar Al'ada

Kiwo ya fi kusa da rayuwar mutanen karkara. Mai dabba yana samun sauƙin ciyarwa, mai kiwo yana samun taki da abin hawa, wani lokaci da rabo daga 'ya'yan da aka haifa. Fulani Woɗaaɓe na Nijar suna da makamancin wannan a shanu, wanda suke kira haɓɓanaaye, inda ake ba mutum saniya ya riƙe har ta haihu sau uku, ya ɗauki 'yan maruƙan ya mayar da uwar. Ga doki mai fuka ko ciwon gaɓoɓi, zaman ƙauye da iska da ɗanyar ciyawa ya fi masa rufaffiyar bargar birni.

Sai dai a nan al'ada da fiƙihu sun ɗan saɓa. Malikawa suna sharɗanta cewa ladan aiki ya zama sananne, ɗan da ba a haifa ba kuwa ba a san zai zo ko ba zai zo ba. Haka kuma sun hana hayar ingarma bisa sharaɗin sai goɗiya ta ɗauki ciki, amma sun halatta ta in an ƙayyade lokaci ko adadin barbara. Abin da yake riƙe da kiwo shi ne kunya da amana. Mutumin da ya kai wa amininsa dabba mai ciwo bai faɗa masa ba, ko da alƙali bai kama shi ba, ya zubar da mutuncinsa a garin, ba kuwa za a sake karɓar dabbarsa ba.

8.0 Bayan Zuwan Turawa

Cin Kano da Sakkwato a 1903 ya kawo ƙarshen zamanin dokin yaƙi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya. Doki ya koma na rangadin hakimai da Turawan mulki, da sukuwa, da wasan folo, wanda ya kafu a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906–1944) da ɗansa Usman Nagogo (1944–1981). Manyan hawan daba, kamar na Kano a 1925, da na Kaduna a 1956 da 1977, sun tara dubban dawaki daga larduna dabam-dabam a fili guda. A 1924 aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom, ko da yake bushiyar shanu ce ta fi ɗaukar hankalinsa da farko. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Wannan canji ya taɓa batunmu ta fuska biyu. Ta farko, barantaka ta yi rauni, haya ta ƙaru. Saurayin da ya karɓi doki don hawan angwanci ko kilisa na yini guda ba shi da wata alaƙa mai ɗorewa da dokin, kuma sukuwa a kan kwalta tana daga abin da ya fi cutar da kofato da gaɓoɓi. Ta biyu, ilmin likitancin dabbobi ya nuna cewa doki yana iya zama lafiyayye a ido alhali yana ɗauke da ƙwayar da kaska ko ƙuda za su kai wa wani. Ke nan an sami mutum na uku a cikin yarjejeniyar, watau maƙwabcin da dokinsa yake ɗaure a turke na kusa. Hadisin da ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwamutsa su da na mai lafiyayyu a mashaya ya riga ya ba da tushen hukunci a nan.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa aron doki yana cikin ginshiƙan da rundunonin ƙasar Hausa suka tsayu a kai, kuma ciwo mai daɗewa abu ne da yanayin ƙasar ya sa ba a rabuwa da shi. Fada ta ɗora asara a kan ubangida, shari'a ta ɗora ta a kan mai doki sai in mai aro ya ƙetare iyakar da aka shata masa, al'ada kuma ta tsare amana da kunya. Dukansu uku sun haɗu a kan cewa wanda ya san ciwon shi ne ya wajaba ya yi magana.

Saboda haka muna ba masu dawaki da masarautu shawara su raya wannan gado ta hanyar da ta dace da zamani. A bayyana ciwo a gaban shaidu ko a rubuce, a ambaci aikin da aka yarda da wanda aka hana, a yanke wanda zai ciyar da wanda zai biya magani, a sa ranar dawowa. Dokin da ake zaton ciwonsa yana yaɗuwa kuwa, likitan dabbobi ya duba shi kafin ya bar turkensa. Muna kuma kira ga ɗalibanmu na tarihi su koma ga kundayen kotunan alƙalai da suke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, su kuma zauna da dattawan barga a fadodin Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram, su rubuta sunayen cututtukan doki da magungunansu kamar yadda suka gada.